ZARE: Wai tsafta muke yi ko kashe kanmu? Maganar asid da bilic a banɗaki

1/ Yau kam sai na yi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Wannan ɗabi'ar ta haɗa bilic da asid a wanke tayil, wadda masu bidiyo ke ta koya wa mutane kamar sun gano wata sabuwar fasaha, saura ƙiris ta tafi da ƙanwata. Zaren yana da tsawo, amma ku daure ku karanta har ƙarshe. 🧵

2/ Wata huɗu kenan da bikinta. Gidan haya ne sabo fil, tayil fari tas har bango. Kafin ta cika wata biyu a ciki, ƙasan banɗakin ya fara yin ja, musamman ƙarƙashin famfo da kewayen rariya. Safe da yamma tana wankewa. Jan nan kuwa sai ƙaruwa yake yi.

3/ Rannan dangin miji suka zo wuni. Ɗaya ta shiga banɗaki, ta fito tana yatsina fuska, a gaban kowa ta ce, "Amarya, tun yanzu? To in aka haihu kuma fa?" Aka yi dariya aka ci gaba da hira. Ita kuwa da maganar ta kwana a ranta.

4/ Washegari ta ɗauki waya ta shiga neman yadda ake fitar da jan tayil. Ta samu wata mai bidiyo tana cewa a zuba asid, a ɗora bilic a kai, a rufe ƙofa ya jiƙu, sannan a goge. Ta aika yaro ya sayo mata asid a gorar ruwa, ba suna ba komai a jiki. Ta yi yadda aka ce, ta tsuguna da buroshi.

5/ Allah Ya sa maƙwabciyarta ta jiyo tarin ta katanga. Da ƙyar ta jawo ta waje, idanu jajir, hawaye na zuba, numfashi yana fita da ƙara. Kwana ɗaya ta yi a asibiti da robar oksijin a hanci. Tarin bai sake ta ba sai bayan kusan mako biyu.

6/ Da na je duba ta na fara yi mata faɗa, sai ta ce, "Yaya, ni fa kawai so nake kar a sake ce min ƙazama." Wallahi sai bakina ya mutu. Tun ranar nake jin haushin mutane kala uku: masu bidiyon, masu sayar da asid a gora, da masu baki irin na waccan baƙuwar. Kowa zai ji nasa.

7/ Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, da muka bincika, jan nan ba datti ba ne ko kaɗan. Ruwan bohol ɗin gidan ne yake da ƙarfe a cikinsa. Ko sau goma za ta wanke a rana, ja zai dawo, domin ruwan wankin da kansa shi ke kawo tabon. Zan dawo kan wannan. Bari mu fara da abin da ke kisa.

8/ Bilic, wato su Hypo da Jik, sinadarin da ke cikinsa sunansa sodium hypochlorite. Asid ɗin da ake sayarwa don tayil yawanci hydrochloric ne, kuma shi ne a cikin da yawa daga ruwan wanke masai masu ƙarfi. Da zarar waɗannan biyun sun haɗu, iskar kulorin ce ke tashi.

9/ Kun san mece ce iskar kulorin? Makamin yaƙi ce. A watan Afrilun 1915, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Jamus sun sake ta a kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam, ta shaƙe sojojin da ke cikin ramuka. Ita ce wata ke koya miki ki haɗa a banɗaki mai ƙaramar taga, har da "ki rufe ƙofa". Haba!

10/ Yadda take aiki: tana shiga ta haɗu da danshin ido, hanci, maƙogwaro da huhu, sai ta koma asid a nan cikin jikin. Shi ya sa ido ke zafi, ƙirji ke ɗaurewa. In ta yi yawa, ruwa na iya taruwa a huhu, kuma wani lokaci sai bayan sa'o'i abin yake tsananta, mutum yana ganin ai ya warke.

11/ Ga wani abin da masu bidiyo ba sa faɗa. Iskar kulorin ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi. Ƙasa take kwanciya. To wa ke ƙasa? Wadda ta tsuguna da buroshi, fuskarta dab da tayil. Sai kuma yaron da ya rarrafo ya biyo mamarsa.

12/ Kuma abin dariya abin takaici, haɗin ba ya ƙara ƙarfin wanki. Asid ɗin korar kulorin yake yi daga cikin bilic ya watsa shi sama. Ƙarfin da kika saya da kuɗinki ya bar tayil ya shige huhunki. Warin nan mai hawa kai da ake cewa "alamar yana aiki ne", alamar ki gudu ce.

13/ Ba asid ɗin gora kaɗai ba. Bilic da khal, kulorin ne. Bilic da ruwan lemon tsami, haka. Bilic da duk abin da ke da amoniya kuma wata iskar yake bayarwa mai suna kuloramin, ita ma guba. Har fitsarin da ya daɗe a ƙasa yana da amoniya, shi ya sa ake fara kora wurin da ruwa kafin a sa bilic.

14/ Doka ɗaya ce, ku haddace: bilic da ruwan sanyi kawai ake haɗa shi. Shikenan. Kuma ku juya bayan robar da ke gidanku yanzu ku karanta, kamfanonin da kansu sun rubuta kar a haɗa da wani sinadari. Mai kaya ya ce kar a yi, mai neman mabiya ta ce a yi, mu kuma muka bi mai neman mabiya.

15/ Na san wani zai zo ya ce, "Mu fa shekara da shekaru muna haɗawa, ba abin da ya same mu." To Malam, banɗakinku a tsakar gida yake, sama a buɗe, iska na kaɗawa. Na ƙanwata cikin ɗaki yake, taga kamar tafin hannu. Kuma ba kowa ke da huhu irin naka ba. Mai asma ko mai ciki fa?

16/ Sannan in tambaye ka, kai kake wankewa? A gidaje da yawa wanda ke cewa "ba komai" ba shi ke tsugunawa ba. 'Yar aiki ce, ko 'yar riƙo, ko almajirin da ke zuwa aikin safe. A miƙa masa gora a ce je ka wanke, ba safar hannu, ba bayani. In ya fito yana tari a ce raki ne.

17/ To mu ajiye bilic a gefe. Asid shi kaɗai fa? Ai yana fitar da tayil fes, ko? Ƙwarai, ranar farko. Ni ma na gani, har ɗaukar ido yake. Ku bari in gaya muku abin da ke faruwa a ƙarƙashin wannan hasken, sai ku yanke hukunci da kanku.

18/ Layin da ke tsakanin tayil da tayil, da me ake cike shi? Farin siminti, ko wani haɗi da aka yi da siminti. Shi kuwa siminti asid narkar da shi yake yi. Kumfar nan da kuke gani tana tashi tana "shuuu" kuna jin daɗi, layin ne yake narkewa. Ba dattin ba ne ke tafasa, ƙasan gidanku ne.

19/ Wanki na farko layin ya yi fari, saboda an ɓare masa fata. Amma yanzu ya yi kaushi, ya yi ramuka, yana shan datti fiye da da. Bayan mako biyu ya fi da baƙi. Sai a sake sayo asid. A haka a haka har layin ya zurma, ruwa ya samu hanyar shiga ƙarƙashin tayil.

20/ Daga nan sai ka ƙwanƙwasa tayil ka ji yana amsawa kamar ganga. Sai wari mai tashi da ba a san daga ina yake ba. Sai bangon ɗakin da ke jingine da banɗaki ya fara kumbura, fenti na zuba. In gidan sama ne, na ƙasa ya fara ganin taswira a silin ɗinsa. Duk daga gorar asid.

21/ Ku duba kan famfo, murfin rariya, sakatar ƙofa, ƙarfen rataye tawul. Tururin asid kaɗai ya isa ya cinye musu ƙyalli su fara tsatsa. Tsatsar ta gangaro kan tayil, ta bar sabon jan tabo. Kin ga an zo wanke ja, an ƙara shuka wani jan.

22/ In kuwa ƙasanku mabul ne ko tarazo, to asid a kansa ɓarna ce ta dindindin. Mabul dutsen alli ne, ko ruwan lemon tsami ya kwana a kansa sai ya bar tabo marar sheƙi. Wannan ba ya wankuwa, sai an kira masu injin gurza sun sake goge shi, da kuɗi mai kauri.

23/ Don adalci: asid yana da wurinsa. Masu sa tayil kan yi amfani da shi, a tsarme da ruwa sosai, su cire ragowar simintin da ya bushe bayan an gama aiki. Sau ɗaya, kafin a tare, da safa da takalmi, ƙofofi a buɗe. Ruwan wanke masai shi ma don cikin masai aka yi shi. Wa ya ce a mayar da su sabulun kowace Asabar?

24/ Yanzu masu sayarwa. Fisabilillahi, ya za a yi ka ɗura asid a gorar ruwan sha ko ta lemo, ba rubutu, ba gargaɗi, ka miƙa wa yaro ɗan shekara takwas ya kai gida? Kai kanka ba ka san ƙarfinsa ba, ba ka san me aka gauraya a ciki ba. Wanda ya sayar maka ma a jarka ya kawo.

25/ Gorar nan a bayan ƙofar banɗaki take zama, daidai tsawon hannun yaro. A idonsa ruwa ne. Asid ko sodar yin sabulu in yaro ya kurɓa, ƙona maƙoshi suke yi, wani ya ƙare da ƙyar yake haɗiye ko kunu, sai an yi ta aiki a asibiti. Ribar nawa ce za ta biya wannan?

26/ To me za a yi da tayil ɗin da ya canza kala? Ga amsar da babu mai bidiyon da zai ba ku, saboda ba ta da armashin kallo: kafin ki sayi komai, ki fara sanin wane irin tabo ne. Tabon tayil kusan kala huɗu ne a gidajenmu, kuma maganin wani yana iya ƙara wa wani ƙarfi.

27/ NA ƊAYA: ja ko ruwan goro, a ƙarƙashin famfo, kewayen rariya, inda ruwa ke ɗiga. Tsatsa ce. Ruwan bohol da na rijiya a wurare da yawa yana ɗauke da narkakken ƙarfe. Yana fitowa garau kamar ba komai, yana haɗuwa da iska sai ƙarfen ya koma tsatsa ya zauna a duk inda ruwan ya bushe.

28/ Gwaji mai sauƙi: ki cika farin bokiti mai tsabta da ruwan famfo, ki bar shi ya kwana a buɗe. In da safe ya yi ja-ja ko kin ga ja ya kwanta a ƙasa, to ga mai laifin nan. Haka muka yi a gidan ƙanwata. Mijin ya tsaya yana kallon bokitin, ya kasa cewa komai.

29/ Kuma ku ji wannan da kyau: bilic ba ya cire tsatsa. Ƙara kama ta yake yi, domin aikin da iska ke yi wa ƙarfen a hankali, shi bilic nan take yake yin sa. Duk wadda ke ta antaya bilic a jan tabo tana mamakin ya ƙi fita, to ita ke ƙara rina shi ba ta sani ba.

30/ Tsatsa tsami mai sauƙi take so. Ruwan lemon tsami da ɗan gishiri, ko garin citric acid da masu kayan haɗa lemo da kek ke sayarwa, a jiƙa da ruwan ɗumi. A shafa a kan tabon kaɗai, a ba shi minti 10 zuwa 15, a goge da buroshin roba, a ɗauraye sosai. In bai fita duka ba, a maimaita gobe.

31/ Amma maganin gaskiya yana wajen tanki. A gyara famfon da ke ɗiga. A riƙa barin ruwa ya kwanta kafin a yi amfani da shi, a wanke tanki lokaci-lokaci, in da hali a sa matatar yashi ko ta cire ƙarfe. Wannan aikin mai gida ne da mai gidan haya. Ba aikin ƙashin bayan amarya ba ne.

32/ NA BIYU: fari-fari ko toka-toka mai kaushi, tayil ya dushe kamar an shafa masa alli. Wannan ruwa mai nauyi ne, mai sinadarin kalsiyam da magniziyam. In butar dafa ruwanku ko hita tana yin farin ɓawo a ciki, kuma sabulu ba ya kumfa sosai, to irin ruwanku kenan.

33/ Shi ma khal ya ishe shi. Farin khal na girki, wanda tsaminsa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba ko kusa da haka. A haɗa rabi khal rabi ruwa, a jiƙa tsumma a shimfiɗa a wurin minti 10, a goge, a ɗauraye. In kin ɗiga khal a kan farin ɓawon kin ga 'yar kumfa, kin tabbatar shi ne.

34/ "To ai khal ma asid ne!" Haka ne, kuma na ji daɗi da kika lura. Shi ya sa ban ce a bar shi ya kwana ba, ban ce kullum ba, kuma ban yarda a sa shi a mabul ko tarazo ba. Bambancin shi ne khal a salak ake zuba shi a ci. Na gora kuwa in ya taɓa zaninki sai ya huda shi.

35/ NA UKU: baƙi a layin tayil, a kusurwa, a bayan bokiti, wani lokaci da santsi ko kore-kore. Fumfuna ce da gansakuka. Abu ne mai rai, danshi yake ci. A nan ne bilic yake da amfani. Shi kaɗai, a ruwan sanyi, kofi 1 na bilic a kofi 10 na ruwa.

36/ A fara wanke wurin da sabulu a ɗauraye tas. A buɗe ƙofa da taga, a sa safar roba. A shafa ruwan bilic ɗin a layin da tsohon buroshin haƙori, minti 10, a goge, a kora da ruwa mai yawa. Kuma ranar da aka yi aikin khal ko lemon tsami, ba ranar ake aikin bilic ba. A raba musu rana.

37/ In ba a busar da banɗakin ba, fumfuna za ta dawo ko da me aka wanke. Bayan wanka a ja ruwan zuwa rariya da abin jan ruwa na roba, a bar ƙofa a buɗe ta sha iska, a ɗaga bokiti da buta daga ƙasa. Minti biyu ne. Ya fi duk wani haɗin da za a tallata muku.

38/ NA HUƊU, na kicin: rawaya ko ruwan ƙasa mai danƙo, takalmi na mannewa. Maiƙo ne. Tururin man gyaɗa da manja yana sauka a ƙasa da bango, hayaƙin gawayi ko risho ya hau kai, ƙurar hunturu ta zo ta zauna. Asid ba ya narkar da maiƙo. Ko kin zuba gora guda, layin zai ci ya bar miki danƙon.

39/ Maiƙo ruwan zafi yake tsoro, da sabulun wanke-wanke, da abu mai kaifin kanwa. E, kanwar da kuka sani. Yawancin abin da ke cikinta sodium carbonate ne da danginsa, irin sinadarin da ake sawa a garin sabulun wanki. Ba banza ba iyayenmu ke wanke tukunya mai maiƙo da toka, duk hikima ɗaya ce.

40/ A jiƙa kanwa a ruwan zafi, a tace saboda yashi, a zuba ɗan sabulun ruwa. A shafa a ƙasan kicin a bar shi minti 15. Wannan jiran shi ne rabin aikin, ku daina zubawa kuna gurzawa nan take. Sannan buroshi, sannan a ɗauraye da ruwa mai kyau. Ga layin da ya yi baƙi da maiƙo, bekin soda da aka dama da kauri ma yana yi.

41/ Wani kuskuren da kusan kowa ke yi: a cika bokiti da omo, a yi mofin, a bar shi ya bushe ba ɗauraya. Ragowar sabulun nan danƙo yake zama, ya riƙa kama ƙura, bayan wata uku tayil ya dushe a rasa dalili. Bokiti biyu ake so, ɗaya na sabulu kaɗan, ɗaya na ɗauraya. In ruwan ya yi baƙi a canza shi.

42/ Soson ƙarfe kuma ku bar shi wa gindin tukunya. Yana kankare sheƙin saman tayil, datti ya samu wurin maƙalewa, kuma gutsattsarinsa in suka faɗa layi sai su yi tsatsa. Lalle, rini, kurkum da manja in sun zuba, a goge nan take kafin layin ya sha. Tabon minti biyar da na kwana biyar ba ɗaya ba ne.

43/ Akwai kuma tayil ɗin da ba zai taɓa komawa fari ba, gara ku sani. Ki ɗiga ruwa a kansa bayan ya bushe. In ruwan ya tsaya, sheƙin yana nan. In ya shige wurin ya yi duhu, saman ya riga ya mutu ko dama can marar inganci ne. Wannan canji yake so. Layin da ya zurma kuwa a ƙwaƙule shi a sake cikewa, aikin wuni ɗaya ne.

44/ Masu sa tayil da masu gidan haya, ku matso. Ƙasan banɗaki ana yi masa gangara zuwa rariya, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Ku kuwa sai ku shimfiɗa shi ruwa na gudu zuwa ƙofa, ko ya kwanta a kusurwa kamar tafki. A sa tayil mafi araha, a cika layi da siminti mai ruwa-ruwa, a karɓi kuɗin shekara.

45/ In an zo tashi kuma mai gida ya shiga banɗaki yana salati, "Kun lalata min tayil!" Alhaji, ruwan bohol ɗinka ne, gangarar mai aikinka ce. Masu neman haya, ku riƙa zuba bokitin ruwa a banɗaki kafin ku biya, ku ga inda ya nufa. Ku leƙa na maƙwabta ku ga kalar ƙarƙashin famfonsu. Ku ɗauki hoto ranar tarewa.

46/ Saura masu baki. Anti, da kika shiga banɗakin yarinya kika fito kina yatsina, kin tambaye ta wane ruwa suke amfani da shi? Kin san sau nawa ta tsuguna a wurin? Ƙazanta daban, tabo daban. Banɗaki yana iya zama ja kuma tsaf, wani kuma fari ƙal alhali ba a taɓa wanke marikin ƙofarsa ba.

47/ Mu maza ma ba mu fita ba. Ka shigo ka ce "wai ba kya wanke bayin nan ne?" ka juya ka fita. Famfon wata uku yana ɗiga ba ka kira mai gyara ba. Tankin tun da aka ɗora shi ba a taɓa buɗe shi ba. Ka ɗauki buroshin sau ɗaya ka gwada, za ka gane da bakinka kake wanki.

48/ Ban ce a zauna da datti ba, kar wani ya juya min magana. A wanke, a goge, a busar. Abin da nake cewa shi ne farin tayil na bidiyo, da fitila da tacewar kyamara, bai kai a saka huhu a caca ba. Su in sun gama ɗauka sun samu masu kallo. Ke in kin faɗi a bayan rufaffiyar ƙofa, ba su ma san sunanki ba.

49/ In tsautsayi ya riga ya faru, ku riƙe wannan. A fita waje nan take zuwa iska, kar a tsaya "bari in ƙarasa". A bar ƙofar a buɗe in zai yiwu ba tare da an sake shaƙa ba, a kwashe yara, kar kowa ya koma ciki sai warin ya tafi gaba ɗaya. A cire kayan da sinadarin ya jiƙa.

50/ In ya shiga ido ko ya taɓa fata, ruwa mai gudu, aƙalla minti 15, ba tsayawa. In akwai tari mai naci, ɗaurewar ƙirji, ko numfashi mai ƙara, asibiti kai tsaye, ko da mutum ya ce ya ji sauƙi. A tafi da robar ko gorar abin da aka haɗa, likita ya gani.

51/ In yaro ya sha asid, bilic ko soda: KAR a sa shi amai, abin zai sake ƙona hanyar da ya bi. KAR a ɗura masa manja, ba ya kashe guba, kuma yana iya sarƙe shi ya wuce huhu. A goge masa baki, a ɗauke shi sai asibiti da gorar a hannu. Na san manja ne abin da kowa ke fara rarumowa, don Allah a daina.

52/ Abin da nake roƙo yau ƙarami ne. Ka tashi yanzu ka leƙa bayan ƙofar banɗakinku. In akwai gorar da ba rubutu, ka ɗauke ta daga inda yaro zai kai, kar kuma ka juye ta a inda aka zuba bilic. Ka zaunar da duk mai wanke muku banɗaki ka faɗa masa dokar nan ta bilic da ruwan sanyi kawai.

53/ In kun ci karo da bidiyon "haɗa wannan da wannan", kar ku tura wa kowa ko da da niyyar dariya, ku kai ƙararsa a manhajar. Ƙanwata ta warke alhamdulillah. An gyara famfon, an wanke tankin, lemon tsami ya ɗauke yawancin jan. Akwai ɗan saura a kusurwa, ta ce ya zauna abinsa.

54/ Ku tura wa amaren gidanku, da iyayenmu mata, da duk gidan da ke da 'yar aiki. Wanda tayil ɗinsa ya canza kala kuma bai gane wane iri ba ne cikin huɗun nan, ya ajiye hoto a ƙasa ya faɗi irin ruwan da suke amfani da shi, famfo, bohol ko rijiya. Zan duba in na dawo daga aiki.